Askin da Arsenio Ya Yi wa Lambun Matarsa

Clorinda: Alo? Alo! Wa ke kan layi?

Arsenio: Yaya Clorinda, barka da yamma.

Clorinda: Wa? Ɗaga murya, bawan Allah, ba na jin komai sai shuuu.

Arsenio: Arsenio ne! Ƙaninki na Río Bueno!

Clorinda: Au, Arsenio! Wa ya mutu?

Arsenio: Haba Yaya. Sai an yi mutuwa zan kira ki?

Clorinda: Rabonka da kirana tun jana'izar Kawu. To, barka kadai. Kuna lafiya?

Arsenio: Lafiya ƙalau. Ya Temuco? Ya sanyi?

Clorinda: Sanyi ya zo da wuri bana. Kwana huɗu ruwa bai ɗauke ba, hayaƙin murhu ya rufe gari, ko tsallaken titi ba ka gani. Ku fa?

Arsenio: Nan ma haka, ga iska. Ya gwiwar?

Clorinda: Tana nan, ita ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Kun sayi itace?

Arsenio: Mun saya, ɗanye ne dai, sai kuka yake a murhu.

Clorinda: Kullum kai ake sayar wa ɗanye. Ya matarka? Edelmira tana Calama har yanzu?

Arsenio: Tana can wurin 'yarmu Yasna. Jaririn ya cika wata jiya.

Clorinda: Madalla. Ya mai jego?

Arsenio: Ta warware sarai. An ce yaron hancina ya ɗauko.

Clorinda: Allah sarki, yaro bai yi laifin komai ba. To wa ke dafa maka?

Arsenio: Ni mana. Jiya ma sopaipilla na soya, wainar fulawar nan.

Clorinda: Karen ya ci?

Arsenio: Ya shinshina dai.

Clorinda: Yaushe za ta dawo?

Arsenio: Asabar da safe.

Clorinda: Me? Layin ya…

Arsenio: Asabar! Jibi kenan!

Clorinda: To me ya sa ka faɗe shi kamar ranar da za a yanke maka hukunci?

Arsenio: A'a, ba komai. Yaya, dama tambaya ce. Ke da kika shekara talatin kina sayar da dashe a kasuwa. Wani abokina ne…

Clorinda: Kai kana da aboki?

Arsenio: Tsohon kwastomana ne, tun ina shagon aski. Lambun matarsa ya yi duhu, rassa sun tsallake shinge, har tagar falo ba ta ganin rana. Shi ne yake tambaya, yanzu ƙarshen Mayu, ganye ya gama zuba, lokacin datse su ne?

Clorinda: Ya danganta da itacen.

Arsenio: Ba duk itace itace ne ba?

Clorinda: Duk kai kai ne? Askin da kake yi wa soja shi kake yi wa ango? Ka gaya wa abokin naka, a ƙarshen kaka abu uku kawai ake cirewa. Busasshen reshe, reshe mai ciwo, da wanda ya gicciye yana gogar ɗan'uwansa. Shi ke nan, a mayar da almakashi aljihu.

Arsenio: To idan sun yi tsayi ainun fa?

Clorinda: Ba a rana ɗaya suka yi tsayin ba. A zaɓi tsofaffin rassa, kashi ɗaya cikin uku, a yanke su daga gindi. Baɗi a ƙara, baɗin baɗaɗa a ƙarasa.

Arsenio: Shekara uku? Kan aski ɗaya?

Clorinda: Wardi kuwa a jira shi sai tsakiyar hunturu, Yuli ko Agusta. In ka yanke yanzu ya yi sabon toho, sanyi ya zo ya ƙone shi. Amma babban abin da zai kiyaye shi ne masu fure da zarar sanyi ya wuce. Azaliya, lila, kambin amarya. Waɗannan ko kallon banza kada ya yi musu sai sun gama fure.

Arsenio: Ko… ko ɗan saisaye?

Clorinda: Ko ɗan saisaye.

Arsenio: Ko da wata yana raguwa? Don na jira sai da wata ya fara raguwa, kamar yadda Baba…

Clorinda: Ka jira?

Arsenio: Ya jira. Shi abokin nawa.

Clorinda: Arsenio.

Arsenio: Alo? Yaya, layin nan…

Clorinda: Layi lafiyarsa ƙalau, har numfashinka ina ji. Me ka yi wa lambun Edelmira?

Arsenio: Ban yi masa komai ba. Gyara na yi masa.

Clorinda: Wayyo Ubangijina! Matar da shekara arba'in ta ce iyakarka ƙofar kicin?

Arsenio: Yaya, ki saurare ni. Tun da na rufe shago a Maris nake zaune a falon nan ina kallonsu. Shekara arba'in da ɗaya ina aski, ban taɓa barin mutum ya fita daga shagona da suma irin wannan ba. Wani ya yi nan, wani ya yi can, kamar mahaukatan tasha. Hannuna ƙaiƙayi yake. Na ce bari in ba ta mamaki.

Clorinda: Za ta yi mamaki kam. Fara daga ƙofar gida. Azaliyoyin nan shida na bakin hanya?

Arsenio: Sun yi kyau yanzu. Tsaf.

Clorinda: Tsayinsu nawa?

Arsenio: Da farko ƙugu na yi niyya. To da na ja baya na duba, sai na ga na hagu ya ɗan fi na dama. Na rage na hagu. Sai na dama ya fi. Kin san yadda abin yake.

Clorinda: Na san yadda abin yake, na ga kan ɗana ranar da za a ɗaura masa aure. Tsayinsu nawa?

Arsenio: Gwiwa.

Clorinda: Gwiwar wa?

Arsenio: To… ƙasa da gwiwa kaɗan. Amma duka daidai suke, da tef na auna.

Clorinda: Lilar da ke jikin shinge?

Arsenio: Askin soja.

Clorinda: Kambin amarya?

Arsenio: Wannan ita ta jawo wa kanta, cikinta duk ƙaiƙayi da saƙar gizo. Ƙwal-kwabo na yi mata, za ta fito sabuwa.

Clorinda: Ka nuna musu madubi ta ƙeya, sun ce ya yi?

Arsenio: Ki yi ta ba'a. Aikin tsabta na yi. Kowane itace sai na goge almakashi da sifirit kafin in taɓa na gaba. Inda na yanke na barbaɗa hoda.

Clorinda: Hoda! Toka ake shafawa, kai kuma hodar shago. Sai turare ya rage.

Arsenio: Kuma ban da ni da ciwo ya cinye su. Azaliyoyin nan duk kan rassansu ya kumbura, wasu ƙulle-ƙulle masu tauri kamar ƙuraje. Su na fara bi ɗaya bayan ɗaya.

Clorinda: Maimaita.

Arsenio: Na ce ƙuraje! A kan kowane reshe! Buhu biyu na cika, na ƙone a bayan gida don kada ya yaɗu.

Clorinda: Bari in zauna.

Arsenio: Lafiya?

Clorinda: Arsenio, furannin ne. Furannin bana ne a ƙunshe. Tun rani itacen yake haɗa su, ya naɗe, ya rungume su har sanyi ya wuce. Su ka bi ɗaya bayan ɗaya ka ƙone.

Arsenio: Ai… ai za su sake yin wasu.

Clorinda: Za su yi ganye. Ganye kam za ka sha shi. Fure sai baɗi, lilar ma sai ta ga dama, ta iya yin shekara biyu tana fushi.

Arsenio: To amma wata yana raguwa fa! Baba ya ce in wata na raguwa ruwan itace yana komawa saiwa, ba ya jin yanka.

Clorinda: Baba tuffa yake datsewa, a Agusta! Wata zai mayar maka da abin da ka cusa a wuta? Kuma kada ka yi mini kamar ka manta. Manda fa, alkawarin Edelmira?

Arsenio: Kai, wannan bakancen nata…

Clorinda: Wannan bakancen nata. Ta durƙusa ta yi wa Budurwa Maryamu alkawari, Watan Maryamu na bana, daga takwas ga Nuwamba har takwas ga Disamba, duk farin furen da zai hau bagaden cocinku daga lambunta zai fito. Kwana talatin. Fada, limamin cocin, ya sanar, an rubuta sunanta a ƙofar coci, duk matan zumunta sun sani.

Arsenio: To ai shi ne na ce ko akwai dabara. Nuwamba da sauran wata biyar. Ba wani taki mai ƙarfi? Na ga wani a waya yana zuba wa shuka ruwan ayaba da ɓawon ƙwai, kwana uku ta…

Clorinda: Ka sha ruwan ayabar da kanka, ko suma za ta fito maka.

Arsenio: To in lokaci ya yi sai in shiga kasuwar Osorno in sayo. Fari dai fari ne.

Clorinda: Ta ce wanda ta shuka da hannunta. Haka ta faɗa, haka za a cika. Ba a yi wa manda kwaskwarima.

Arsenio: Maryamu za ta sauko ta tambayi fure daga gidan wa yake?

Clorinda: Maryamu ba za ta tambaya ba. Doña Eduvigis ta tsallaken titinku za ta tambaya. Ita da take ƙirga wa mutane kyandir.

Arsenio: Ita ai tun Litinin take leƙe ta taga. Har ta ɗaga mini hannu tana murmushi, na ce ashe matar nan tana da kirki.

Clorinda: Shekara goma tana neman a ba ta bagaden nan, ba dole ta yi maka murmushi ba? Ka yi mata aikin da addu'arta ta kasa.

Arsenio: To ji nan. In Edelmira ta kira ki, ki ce mata haka ake yi yanzu. Sabon salo ne, daga Turai.

Clorinda: Ni? In zubar da sunana na shekara talatin saboda kai?

Arsenio: To mu ce tumakin maƙwabci ne suka shigo.

Clorinda: Tumaki masu tef. Suka cinye daidai wa daida, suka barbaɗa hoda, suka rufe ƙofa.

Arsenio: Ƙanƙara fa? An yi ƙanƙara ranar Talata.

Clorinda: A gidanku kaɗai?

Arsenio: Ko in kwaso naki? Ki turo mini a mota, in dasa kafin Asabar, in tone waɗannan in…

Clorinda: Matar da ta san kowane reshe da sunansa? Azaliya ta uku daga ƙofa daga kabarin uwarta ta yanko ta. Kai ko sabuwar rigar da ta saka sai ta kwana uku kafin ka lura, kana zaton kowa irinka ne.

Arsenio: Kai Yaya, kin cika tsanani. Fure ne fa, ba mutum na kashe ba. Kuma in gaya miki gaskiya, ni wannan ciniki da sama bai taɓa shiga kaina ba. Ka ba ni kaza in ba ka kaza, kamar a kasuwar dabbobi. Rabona da coci tun ɗaurin aurenmu, me ya same ni? Yasna ta haihu lafiya, likitoci suka yi aikinsu, yaro ya zo da hancinsa. Buƙata ta biya. Sai a ce wa Maryamu a yi haƙuri sai baɗi, ai ba gudu za mu yi ba.

Clorinda: Yasna?

Arsenio: Eh mana. Ba don cikin Yasna ta yi ba?

Clorinda: Wa ya gaya maka?

Arsenio: Ba wanda ya gaya mini, lissafi ne. Me kuma zai sa…

Clorinda: Amma kai dai an yi sakarai. Na rantse mata ba zan faɗa ba, Allah ya yafe mini, yau sai na faɗa. A Janairu, da ka yanke jiki ka faɗi a shago da almakashi a hannu, aka kwashe ka zuwa Valdivia, kwana nawa ka yi ba ka san inda kanka yake ba?

Arsenio: An ce tara.

Clorinda: An ce. Mu da muke zaune a benci mun ƙirga. Rana ta shida likita ya fito ya ce a kira 'yan'uwa na nesa. Edelmira ba ta yi kuka ba, ta kama hannuna ta ja ni ɗan cocin asibiti. Ta durƙusa a kan siminti ta ce, Uwa, ba ni da zinariya, ba ni da ƙafar zuwa ziyarar ibada Yumbel a ƙasa, abin da nake da shi lambuna ne. Ki bar mini wannan mai taurin kan, duk abin da ya yi fari a gidana bana naki ne. Da kunnena na ji.

Arsenio: Edelmira…

Clorinda: Alo? Ka ji ni ko layin ne?

Arsenio: Ina ji.

Clorinda: Ta hana a gaya maka don ta san dariya za ka yi mata a teburin cin abinci, ka kira shi kasuwar dabbobi.

Arsenio: Ba ta taɓa… Ni ce mini ta yi na gode wa likita.

Clorinda: Ka gode masa. Ita kuma ta san wanda za ta gode wa, sai ka bi ka ƙone godiyar a buhu biyu. Ni abin ya ba ni haushi, Arsenio, har cikin raina. Matar nan tsoro za ta ji. Duk tarin da ka yi bana sai ta ce ga shi nan, an zo karɓar abin da ba a biya ba.

Arsenio: Yaya.

Clorinda: Mene ne?

Arsenio: In guda ɗaya ya rage, zai isa?

Clorinda: Wanne ya rage? Ba ka ce… Tsaya! Gefen kicin! Babban rododendron nan fari, wanda ya kai rufin kwano! Ba ka taɓa shi ba?

Arsenio: Ƙurajensa suna nan duka. Manya-manya, kamar ƙwan tantabara.

Clorinda: Godiya ga Allah! Wannan shi kaɗai ya cika bagade, ga shi mai jinkirin fure, sai Nuwamba yake buɗewa. In ana yanka kaɗan-kaɗan, a haɗa da ganye, zai kai ta mako biyu ko uku, sauran ta roƙi Fada ya sassauta. Kada ka kusance shi! Ka ji ni? Ko inuwarsa kada ka taka!

Arsenio: To ai… dama shi ne dalilin kiran.

Clorinda: Wane dalili?

Arsenio: Almakashi bai kama shi ba, gindin ya kai cinyata kauri. Sai na ɗauko zarto. Ina cikin yi zarton ya maƙale, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Dama tambayar da zan yi miki kenan, yadda ake zare shi.

Clorinda: Tun ɗazu kana tambayata gwiwa, da zarto a cikin itacen?

Arsenio: Ai ba a fara magana ba gaisuwa.

Clorinda: Ya shiga nawa? Je ka duba! Yanzu!

Arsenio: Ina tafiya… bari in sa takalmi… kai, ruwan nan! Ga ni. Yatsa uku. Ko huɗu. Bai kai rabi ba.

Clorinda: Ɓawon ɗaya gefen lafiya?

Arsenio: Lafiya lau, ban taɓa shi ba.

Clorinda: To zai rayu, in bai karye ba. Kada ka girgiza zarton! Ka samo sanda mai baki biyu, guda uku, ka tokare shi ta kowane gefe. Sannan ka tura itacen baya kaɗan, zarton zai fito da kansa. Ka matse bakin yankan, ka naɗe da tsumma, ka ɗaure tam. Ban da hoda!

Arsenio: Yaya, yana motsi.

Clorinda: Me ke motsi?

Arsenio: Itacen! Iska ta taso daga kogi, yana sunkuyowa ta wajen yankan, ina jin yana ƙara… Tsaya! Tsaya, ɗan'uwa, tsaya!

Clorinda: Arsenio! Me ya faru? Ya faɗi?

Arsenio: Na sa masa kafaɗa. Na tare shi. Kai, yana da nauyi!

Clorinda: Da wannan zuciyar taka? Sake shi ka ɗauko sandunan!

Arsenio: Suna rumfar itace. In na sake shi ya tafi.

Clorinda: To ƙwala wa wani kira! Ko Eduvigis ce!

Arsenio: Tana taga tana kallona. Ta ɗaga mini hannu.

Clorinda: Ka jiƙe sharkaf, za ka kwanta ciwo! Iskar nan ba yanzu za ta tsaya ba, har yaushe za ka riƙe shi?

Arsenio: Har ta gaji. Yaya, kada ki gaya wa Edelmira na sani.

Clorinda: Bar wannan maganar, saurare ni, ka jingina shi da…

Arsenio: Ki ce ba za ki gaya mata ba!

Clorinda: Ba zan gaya mata ba! Arsenio, ka…

Arsenio: Sai anjima, Yaya. Hannu biyu nake buƙata.